Cikin Fari Ba Na Mace Kaɗai Ba Ne

 Wannan mako da amare na ke so in yi magana, waɗanda ba su daɗe da tarewa ba, da waɗanda ke goyon ɗan fari. Amma ina roƙon duk wadda ta karanta, idan maigida ya komo ya ci tuwo ya huta, ta miƙa masa jaridar nan, ko kuwa ta karanta masa da kanta, domin rabin maganar tasa ce. Iyayenmu da surukanmu kuma su gafarce ni, yarinya ce za ta yi magana gaban manya a kan abin da a ke jin nauyin faɗi.

Abin da ya sa na ɗauko zancen nan shi ne wata ƙanwar ƙawata da na je dubawa a asibiti da daminar da ta wuce. An yi mata aure tana da shekara 17, mijin kuwa bai fi 23 ba, ɗan acaba ne, yaro mai ƙoƙari, yana kuma son matarsa. Ta haihu a gida, jini ya ɓalle, aka kawo ta cikin dare ba ta san inda kanta ya ke ba. Jaririn ɗan mitsitsi, bai kai kilo 2 ba. Na tarar da dangi zaune a inuwa, kowa da abin da ya ke zargi. Uwarta ta ce ungozoma ce ta ja mabiyiya da ƙarfi. Surukarta ta ce iska ce, tun cikin yana wata shida yarinyar ta ke fita da almuru. Mijin bai ce kome ba, yana can gefe ya haɗa kai da gwiwa.

Da malamar asibiti ta fito na tambaye ta, a cikin waɗannan wanne ne gaskiya. Sai ta shiga ƙirga mini da yatsu. Yarinya ce, jikinta bai gama girma ba. Ba ta taɓa zuwa awo ba. Zazzaɓin cizon sauro ya cinye mata jini tun cikin yana ƙarami. Abincinta bai wuce tuwo da koko ba. Mijin yana shan taba cikin ɗakin da su ke kwana. Da jini ya ɓalle kuma aka yi awa uku ana nemansa, domin ba wanda ya yarda a fita da ita sai da izninsa. Ta ce da ɗaya ne daga cikin waɗannan, da wataƙila ba a ma san an yi ba. Taruwa suka yi mata.

To, abin da na ke so mu gane ke nan. Mu mun saba neman dalili guda ga kowace masifa. Amma ga mai ciki da mai jego, ciwo ba ya zuwa shi kaɗai, wannan ne ke buɗe wa wancan ƙofa. Waɗansu ƙofofin kuwa ba a jikin matar su ke ba, a hannun mijin su ke, ko a jikinsa.

Mu fara da jini, domin can ne tushen yawancin wahalar. Idan mace ta sami ciki, jinin jikinta yana ƙaruwa da kusan rabin abin da ta ke da shi da, domin ya ishe ta ya ishi abin da ke cikinta. Jini kuwa ba da ruwa kaɗai a ke yin sa ba, sai da sinadarin ƙarfe da a ke samu cikin nama da kifi da ƙwai da wake da ganyaye irin su zogale da rama da alayyafo. Yarinyar da ba ta cika 18 ba ita ma girma ta ke yi, ƙashinta da namanta suna neman wannan abinci. Ka ga masu ci sun zama biyu a ƙwarya ɗaya, ƙwaryar kuma da ma ba ta cika ba.

Sa'an nan ga sauro. Ke da ki ka tashi a ƙasar nan, jikinki ya saba faɗa da zazzaɓi tun kina ƙarama, shi ya sa ba ya kayar da ke kamar yadda ya ke kayar da jariri. Amma cikin fari ya kan rage wannan kariya. Ƙwayar cutar ta kan je ta maƙale a mabiyiya, watau hanyar da abinci ke bi daga uwa zuwa ɗa, ta yi ta fasa ƙwayoyin jini tana tauye abincin yaron. Abin tsoro a nan shi ne sau da yawa jiki ba ya ko zafi. Mace tana tafiya, tana daka, tana wanki, alhali jininta yana ƙarewa. Sai dai a ga tafin hannunta da cikin idonta sun yi fari, tana haki in ta ɗauko ruwa, tana jiri in ta miƙe, wani lokaci kuma tana kwaɗayin farar ƙasa. Sai a ce laulayi ne, ko a ce raki.

Yanzu ku duba yadda abin ke haɗuwa. Kowace mace tana zubar da jini wajen haihuwa. Likitoci suna cewa ya yi yawa idan ya kai rabin lita, watau kwatancin ledar ruwan sha guda ɗaya tak. Mace mai cikakken jini ta kan jure wannan, har abin da ya ɗara haka. Wadda zazzaɓi da yunwa suka riga suka tatse ba ta da rarar da za ta bayar, abin da zai sa waccan jiri kawai, ita sai ya tafi da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata wajen 82,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk waɗanda suka rasu haka a duniya. Zubar jini yana sahun gaba cikin abubuwan da suka kashe su.

Maganin wannan ba boyayye ba ne, ba kuma mai tsada ba. A wurin awo a kan ba mai ciki jar ƙwayar ƙarin jini da wata 'yar ƙarama mai suna folik asid, ta sha kullum. Da zarar ciki ya wuce wata uku a kan ba ta ƙwaya uku na maganin zazzaɓi irin Fansidar ta haɗiye gaban malama, a maimaita kowane wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Na san ƙwayar ƙarin jini tana sa bayan gida ya yi baƙi, ta kan kuma tayar wa wasu zuciya, shi ya sa a ke tura ta ƙarƙashin katifa. Baƙin nan ba illa ba ne. Ki sha ta bayan cin abinci ko lokacin kwanciya. Kada kuma ki kora ta da shayi, domin shayi yana hana jiki karɓar ƙarfen, lemo da gwaiba kuwa taimaka masa su ke yi. Masu cewa maganin asibiti yana sa ɗa ya yi ƙato har ya ƙi fita, ku sani ɗan da ya zo a tsumbure shi ya fi saurin mutuwa.

Akwai wani likita ɗan ƙasar nan, Farfesa Kelsey Harrison, wanda ya bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya daga 1976 zuwa 1979, aka buga abin da ya gano a 1985. Ya tarar matan da ba su je awo ba sun fi waɗanda suka je mutuwa nesa ba kusa ba. Shi da abokan aikinsa kuma suka lura da wani abin mamaki. 'Yan mata ƙanana masu cikin fari da aka riƙa ba su maganin zazzaɓi da na ƙarin jini, da yawansu tsawo suka ƙara alhali suna ɗauke da cikin. Watau jikin yarinyar yana so ya ƙarasa girmansa, ciwo da rashin abinci ne suka danne shi.

To, me ke hana zuwa awon? Kunya. Mun gaji kunyar ɗan fari, ba na kuwa raina ta, ado ce ga 'ya mace. Amma yarinya ta ɓoye ciki wata biyar, ta kasa gaya wa uwar miji, ta kasa gaya wa mijin ma, sai zane ya tona asiri. Kafin nan watannin da magani ya fi amfani sun wuce. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa a ga ma'aikacin lafiya sau 8 a ciki guda, na farko kafin wata uku ya cika. In bakinki ya yi nauyi, ki gaya wa yayarki ko gwaggonki, ita ta isar. Kai kuma ango, in ka ga alama kada ka jira a gaya maka. Ka je ka sami mahaifiyarka ka ce, "Inna, ina so a kai ta asibiti a duba." Ba sai ka ambaci kome ba, ta riga ka sani.

A wurin awon nan ne kuma a ke ɗaura abin nan a dantse a auna hawan jini. Cikin fari, musamman ga mai ƙarancin shekaru, ya fi kowane ciki kawo hawan jinin da ke ƙarewa da jijjiga. In awo ya kai 140 bisa 90, malama za ta sa ido. Ke kuma a gida, in kin ji ciwon kai mai tsanani da ba ya sauka, ko ganinki ya dushe, ko fuska da hannuwa sun kumbura, ko ciwo ya soke ki ƙarƙashin haƙarƙari ta dama, ba na jiran wayewar gari ba ne. Mace ta faɗi tana jijjiga tana tauna harshe, a rufe ta a ɗaki ana turare ana cewa mutanen ɓoye ne, alhali akwai allurar da ke tsayar da ita a asibiti! A yi addu'a, amma a yi ta a kan hanya.

Yanzu na juyo gare ku, angwaye. Ku yi haƙuri da ni.

Gidan sauron da aka ba ta a wurin awo, wa ya hana a ɗaura? Sau da yawa maigida ne, wai zafi, wai yana shaƙe shi. Tabar da ka ke busawa kana kishingiɗe a gado, ba kai kaɗai ke sha ba. Hayaƙin yana shiga jininta, yana rage iskar da ke isa ga ɗan, ya zo da ƙarancin nauyi, watau ƙasa da kilo biyu da rabi. Ka tuna zazzaɓi ya riga ya tauye shi ta gefe guda, ga taba ta ɗaya gefen. Bayan an haife shi kuma, jaririn da ke kwana cikin hayaƙin taba ya fi kamuwa da ciwon haƙarƙari, ya fi kuma shiga haɗarin mutuwar farat ɗaya cikin barci. In ba za ka iya bari ba tukuna, ka fita waje can nesa da ƙofa. In kuwa kana tari ya wuce mako biyu, kana rama, kana gumin dare, ka je a gwada majinarka, domin tarin fuka a ɗaki ɗaya da mai jego da jinjiri ba ƙaramin abu ba ne, maganinsa kuma kyauta a ke bayarwa a asibitocin gwamnati.

Akwai maganar da ta fi wannan nauyi, amma tilas a faɗa. Ciwon sanyi da sauran cututtukan da a ke ɗauka ta wajen kwanciya. Saurayi ya ji alama, ya tsaya a kemis ya sayi kafso huɗu, zafin ya lafa, ya ce ya warke. Wasu daga cikin cututtukan nan lafawa su ke yi su ɓuya shekaru. Tunjere, alal misali, ya kan bi jinin uwa ya kashe ɗa a ciki ko a haife shi da ciwo, alhali allurar fenisilin tana maganinsa sarai idan an gano da wuri. Amma in an yi wa matar magani ba a yi wa mijin ba, aikin banza ne, zai sake mayar mata. Haka ƙanjamau, in an san uwa tana da shi ta riƙa shan magani, galibi ɗan ya kan tsira. Haka ciwon hanta nau'in B, akwai rigakafin da a ke so a yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwarsa. Duk wannan da ɗigon jini a ke ganewa. Mata suna miƙa hannu a ɗiba, maza kuwa sai su tsaya bakin ƙofar asibiti kan babur suna jira. Ku shiga tare, Malam, ba a yanka kowa.

Da kun shiga sai ku nemi a duba muku na sikila ma, in ba ku yi kafin aure ba. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da irinta bai sani ba, lafiyarsa lau. In miji AS ne mata AS, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu na zuwa da ciwon. Sanin haka da wuri yana sa a gwada jariri, a fara kula da shi tun kafin ciwon ya kwantar da shi.

Sai ƙwaya. Ban ce duk saurayi yana sha ba, Allah ya kiyaye. Amma binciken da aka yi a ƙasar nan a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabace shi, a 2018 ɗin ne kuma gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Yawancin samarin da na sani ba don shaƙiyanci suka fara tiramadol ba, don su jure aiki ne, dako ko acaba ko noma. Da ciki ya zo, ɗawainiya ta ƙaru, sai a ƙara yawan ƙwayar. Kuɗin da za a sayi ƙwai da kifi ya tafi can. Ƙwayar nan kuma tana sa farfaɗiya in ta yi yawa, mutum yana kan babur. Ranar da ya faɗi ya karye, ba shi kaɗai ya karye ba, tukunyar gidan ce ta sauka daga murhu. Mu ma mata kada mu wanke kanmu, akwai amaren da ke shan kodin a ɗaka, abin da uwa ta sha kuwa ɗa ya sha.

Abu biyu na ke roƙon kowane ango ya yi tun ciki yana wata bakwai. Na farko izni. In kana fita tun asuba, ko za ka tafi cin rani Legas ko Abuja, ka tsaya gaban mahaifiyarka da matarka ka faɗa da bakinka: "Inna, na yarda, ko ina nan ko ba na nan, in ta ji wani abu a kai ta asibiti, kada a jira ni." Ka ajiye kuɗin mota a hannun wanda ba zai taɓa ba, ka yi magana da mai motar da zai tashi ko tsakar dare ne. Naƙudar da ta wuce awa 12 ba a haihu ba, ta fi ƙarfin ɗaka. Idan kan ɗa ya daɗe yana danne mafitsara a jikin ƙashi, naman wurin mutuwa ya ke yi ya huje, shi ne yoyon fitsari. Yankan gishiri ba ya buɗe ƙashi, sai dai ya ƙara rauni da zubar jini. Ana ɗinke yoyon, a Babbar Ruga ta Katsina da wasu wurare an warkar da dubban mata, amma mu tambayi waɗanda suka yi zaman can nawa ne mazansu suka jira su.

Na biyu jini. Da an ce a kawo jini sai ka ga maza sun fara zamewa ɗaya ɗaya, wannan zai je salla, wancan bai karya ba. Leda guda ba ta kai rabin lita ba, ruwanta ya kan dawo jikin mai lafiya cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙwayoyin jinin kuma cikin 'yan makonni. Ba ta rage wa namiji kome. Ka san rukunin jininka da nata, ka shirya 'yan'uwa biyu ko uku tun kafin ranar. Haihuwar asibiti ma ta ci gaba ta wannan fanni. A 2023 aka bayyana sakamakon wani gwaji da aka yi kan mata fiye da 200,000 a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa. Wata leda mai ma'auni a ke shimfiɗa wa mai haihuwa, jinin ya taru a ciki a gan shi da ido, da ya kai iyaka a haɗa magunguna gaba ɗaya ba tare da jinkiri ba. Wannan ya rage mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta da kashi 60 cikin 100. A ɗaka kuwa, cikin tsumma da duhu, wa zai auna?

An haihu lafiya, an yi guɗa, sai mu ɗauka an tsallake. Alhali kwanan farko da makon farko su ne suka fi haɗari ga uwa da ɗa. A nan zan taɓo wankan jego da kunun kanwa, na san kuwa kakanninmu sun kasa kunne.

Akwai ciwon zuciya da ke kama mace gab da haihuwa ko cikin watannin bayanta. Ƙafafu su kumbura, ta riƙa haki, ta kasa kwanciya sai a zaune, tari ya hana ta barci. Ƙasar Hausa tana cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Likitoci biyu da suka yi aiki a Zariya, Davidson da Parry, sun rubuta a kansa a shekarun 1970, suka danganta shi da kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya kan gado mai wuta a ƙarƙashi. Shekaru da yawa haka a ke koyarwa, haka ni ma na ji. Amma wani bincike da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a asibitocin ƙasar nan, aka buga a 2020, bai sami wannan alaƙa ba. Abin da ya gano shi ne ciwon ya fi kama matan da ke da rama, da waɗanda suka yi hawan jinin ciki, da marasa karatu da sana'a. A Arewa maso Yamma kuwa ya sami wajen mace ɗaya a kowace haihuwa 96. Kun ga mun komo inda muka fito, abinci da awo. Duk da haka kanwa gishiri ce, gishiri kuwa yana tara ruwa a jiki yana ɗaga jini. Wadda aka ce tana da hawan jini, ko ta kumbura, ko tana haki, ta bar kanwa, a dama mata kunun gyaɗa ko na tsamiya. Ruwan wanka kuma ya zama mai ɗumi wanda hannu zai iya jurewa. Na ga bayan wata mai jego da ya saluɓe, ban ga amfanin da ƙuna ta yi mata ba.

Ɗakin jego shi ma abin dubawa ne. Da hunturu a kan rufe ƙofa da taga, a hura gawayi, a kunna maganin sauro na hayaƙi, ga janareta yana ruri a bakin taga, ga kuma tabar maigida. Huhun ɗan kwana uku ne ke shaƙar duk wannan. Hayaƙin gawayi da na janareta suna da guba marar wari da ke kashe mutane cikin barci, gida guda. In ana son jariri ya ji ɗumi, musamman ɗan ƙarami irin na ƙanwar ƙawata, a kwantar da shi a ƙirjin uwa fata da fata, a sa masa hula, a rufa su da zane. Uban ma yana iya karɓarta ta sami barci, ƙirjinsa bai fi nata sanyi ba.

Dakashi, watau nonon farko mai kauri, kada a matse a zubar. Shi ne rigakafin farko. A sa yaro a nono cikin awa guda da haihuwa, tsotson nan kuma yana sa mahaifa ta tsuke, jini ya ragu, ka ga ɗan ya taimaki uwarsa. Nono zalla har wata shida, ba ruwa, domin akwai ruwan da ya ishe shi a ciki ko da bazara. Cibiya kuma ba ta son toka ko man goge baki, akwai man da a ke bayarwa a asibiti don ita. Cire beli ba ya hana kome, sai jawo zubar jini da cuta. Zuma a dakata sai ya shekara.

Wani abu da ba mu da suna mai kyau gare shi shi ne baƙin cikin da ke sauko wa mai jego. Ba kukan kwana biyu ko uku da ke wucewa na ke nufi ba. Wadda mako biyu ya wuce ba ta barci ko da yaro ya yi, ba ta cin abinci, ba ta jin daɗin ɗanta, tana ganin ba ta da amfani. A ƙasashe irin namu wajen mace ɗaya cikin biyar ta kan shiga wannan hali bayan haihuwa, ƙarancin jini da rashin barci da rashin kwanciyar hankali da miji suna ƙara shi. Maza ma ya kan same su, wajen ɗaya cikin goma. Yaro ɗan shekara 23, jiya jiya a ke ba shi tuwo a gidansu, yau ga bashin ragon suna, ga kuɗin asibiti, ga haya. Ba zai yi kuka ba, sai ya koma faɗa, ko ya daina dawowa da wuri, ko ya ƙara ƙwaya. Ita ta ga ya juya mata baya, ciwonta ya ƙaru, nono ya ragu don ba ta ci, yaro ya yi ta kuka, shi kuma ya ƙara gudun ɗakin. Ciwo ne, ana maganinsa, a gaya wa malamar asibiti ranar rigakafi. In har ta ambaci kashe kanta ko cutar da yaron, ko ta fara sambatu, a kai ta a ranar. Hannu kuwa, namijin da ya ɗaga shi kan mai ciki ko mai jego, mutum biyu ya doka, manyan gida kada su ce mata ta yi haƙuri su tsaya nan.

Sai kwanika. Jinin da ciki da haihuwa suka ci ba ya komowa cikin kwana arba'in. Shawarar masana ita ce a bar aƙalla wata 24 daga haihuwa kafin a ɗauki wani cikin. In wani ya shiga yaro yana wata biyar, uwa ta shiga ciki na biyu da jinin da bai kai na farko ba. Sai kuma a fizge yaro daga nono rana ɗaya, wai nonon ciki guba ne, a kai shi gidan kaka a bar shi da koko, ga gudawa ga tamowa. Nonon mai ciki ba guba ba ne, tana iya ci gaba da shayarwa, sai dai a ƙara mata abinci. Nono kuma ba ya hana ɗaukar ciki sai in yaro bai kai wata shida ba, ba ya shan kome sai nonon dare da rana, al'ada kuma ba ta komo ba. Ɗaya ya faɗi cikin ukun nan, kariya ta faɗi. Hanyoyin ba da tazara suna nan iri iri a asibiti, amma yarinya ba za ta iya tayar da maganar ita kaɗai ba, sai da mijin a zaune.

Ƙanwar ƙawata leda uku aka ƙara mata, ɗaya daga jikin mijin. Kwananta 9 aka sallame ta, da jar ƙwaya ta wata uku. Na koma gidan bayan arba'in, na tarar da gidan sauro a ɗaure, yaron yana ƙirjinta cikin zane, ya fara cika kumatu. Mijin ya koma shan tabarsa a gindin darbejiyar ƙofar gida, bai bari ba tukuna. Ya raka ta asibiti sun yi maganar tazara, surukar tana ta mita wai a zamaninsu ba a haka. Ranar Talata mai zuwa za su koma rigakafin mako 10, ya ce shi zai kai su, amma a mota.